Tutar da Hayatu Ya Ƙi Ɗinkawa

A shekarar 1991, wadda aka yanka Jihar Taraba daga tsohuwar Gongola, Malam Tobias ya fara haɗuwa da Hayatu tela. Jalingo a lokacin ta cika da baƙi, ma'aikatan da aka kwaso daga Yola suna ta yawon neman ɗakin haya. Malam Tobias ya shiga kasuwa da tsohon littafin taswira a hammata, yana bin teloli ɗaya bayan ɗaya, yana neman wanda zai ɗinka masa tutocin ƙasashe ashirin, kowace girman hankici. Teloli huɗu suka ce ba su da lokacin wasan yara. Na biyar, wani siririn Bafulatani mai tabarau ɗaure da zare, ya karɓi littafin ya daɗe yana kallon shafin tutoci.

"Ticha, duk waɗannan ƙasashe ne?" in ji shi. "Ni na ɗauka daga Makka sai Ingila sai Kamaru."

Da guntayen ƙyalle ya ɗinka su cikin mako biyu, bai kuskure tauraro ko ɗaya ba.

Malam Tobias ɗan garin Kona ne, kusa da Jalingo. A makarantar mishan ya yi karatu, zamanin da ake duba farce da wuyan riga kafin a shiga aji, kuma har ya tsufa bai yarda ya rubuta kwanan wata ba tare da ja masa layi da rula ba. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana koyar da labarin ƙasa a garin Mutum Biyu kafin a dawo da shi wata makarantar sakandare a Jalingo. Rediyo ce abokiyar zamansa. Ya san sunan babban birnin kowace ƙasa, ya san wa ke faɗa da wa da dalilin faɗan, kuma yana jin zafi ƙwarai idan ya ga yaro ya gama aji shida bai san akwai duniya a bayan Numan ba.

Wata ƙungiyar matasa ta waje ce ta aiko masa da ɗan littafi, bayan ya rubuta mata wasiƙa bakwai. Littafin ya bayyana yadda ɗalibai za su kwaikwayi zaman Majalisar Ɗinkin Duniya, kowa ya wakilci ƙasa, a tattauna rikici a nemi sulhu. Malam Tobias ya ɗauki abin da gaske, ya kafa ƙungiyar ɗalibai a kansa, ya ƙara masa dokoki biyu nasa na kansa. Ta farko, ba wanda zai zaɓi ƙasa: sunaye a cikin hularsa suke, abin da hannunka ya ɗauko shi ne naka, ba musanya. Ta biyu, wakilin da ya zagi wani ko ya katse shi, za a sauke tutarsa daga kan tebur a ajiye a ƙasa gaban ƙafarsa har a tashi. Yara sun fi tsoron wannan fiye da bulala.

Ba wanda ya taimake shi. Abokan aikinsa suka sa masa suna Sakatare Janar, in ya shigo ɗakin malamai su miƙe su sara masa. Zauren taron makaranta an cika rabinsa da buhunan siminti. Littafin taswirarsa ma ya ci amanarsa: yaron da ya ɗauko Tarayyar Sobiyet ya kwana uku yana shirya jawabi, rediyo ta ce ƙasar ta watse. Wasiƙun da ya ci gaba da aikawa waje, yana roƙon a gayyaci ko da ɗalibai biyu zuwa taron matasa, ko ɗaya ba a amsa ba.

Sai watan Maris na 1992 gari ya rikice da faɗan addini. Ba sai an maimaita abin da ya faru ba, waɗanda suka gani sun sani. Da aka buɗe makarantu, ɗaliban da a da suke cin gyaɗa a leda ɗaya suka raba wurin zama, Kirista a gefen taga, Musulmi a gefen ƙofa. Shugaban makaranta, Mista George, ya hana kowane irin taro. Malam Tobias ya yi ta sintiri a ofishinsa har sau tara. A na tara Mista George ya ajiye biro ya ce, "Malam Tobias, zama ɗaya na ba ka. In ya wuce lafiya ku ci gaba. In na ji ƙorafi ko ɗaya, ko daga bakin mai shara ne, na rufe ƙungiyar nan, kuma ba za ta sake buɗuwa ba muddin ina kan kujerar nan."

Aka sa rana, Asabar ta biyu a watan Yuni. Batun tattaunawa shi ne yaƙin Laberiya, inda wasu ɗaliban ke da 'yan'uwa sojoji. Malam Tobias ya ƙara sababbin ƙasashe biyar a hula don zaman ya yi armashi. Wata yarinya 'yar aji biyar, Keziah, 'yar ƙungiyar mawaƙan coci, ta sa hannu ta ɗauko Saudiyya. Yara suka dubi juna. Malam Tobias kuwa daɗi ya kama shi, don abin da ya kafa dokar hula saboda shi ke nan.

Ya kai wa Hayatu aikin sababbin tutocin. Hayatu ya bi su da yatsa, ya tsaya a kan koriyar, ta Saudiyya.

"Huɗu zan ɗinka, Ticha. Wannan ka cire ta."

"Saboda me?"

"Ba ta wasa ba ce. Ka ba yarinyar wata ƙasar."

"Ba a musanya, Malam Hayatu. Doka ce."

"Wa ya yi dokar?"

"Ni."

"To ai da sauƙi," in ji Hayatu, ya ci gaba da taka keken ɗinki.

Malam Tobias ya fita ransa a ɓace. A ganinsa, abin da ya raba ajinsa biyu ne ya biyo shi har shagon abokinsa. Ya san rubutun da ke jikin tutar na addini ne, amma ya ɗauke shi kamar gicciyen da ke tutar Siwizalan ko tauraron Isra'ila, waɗanda Hayatu ya ɗinka ba tare da ya ce uffan ba. Ya sayi koren yadi da farin fenti. Ya ja ƙananan murabba'ai a kan hoton, ya ja manya a kan yadin, yadda ake faɗaɗa taswira, ya kwafe rubutun da takobin da ke ƙarƙashinsa da haƙurin da aka koya masa a mishan. Ran Jumma'a da hantsi ya kai wa Hayatu don ya kalmashe bakin yadin kawai.

Shagon cike yake. Akwai mata uku na Zumuntar Mata na cocin Malam Tobias, sun zo gwajin anko, don shekara da shekaru Hayatu ke musu ɗinki. Akwai kuma samari biyu masu jiran kaftanin Masallaci. Malam Tobias ya fara warware yadin. Hayatu ya hango farin rubutun, ya yi wuf ya fizge, ya ninke, ya tura cikin aljihun rigarsa ta ciki.

"Ba ni kayana."

"Ka je gida, Ticha. Gobe da safe zan zo."

"Na ce ka ba ni! Kai ka saya mini yadin?"

Hayatu ya dubi samarin nan biyu, ya dubi Malam Tobias, ya koma kan ɗinkinsa. Hakan ne ya tunzura Malam Tobias. Gajiyar wata uku ta taso masa gaba ɗaya, ya ɗaga murya yadda har masu kayan miya suka juyo.

"Na gane ka yau! Don yarinyar Kirista ce za ta riƙe, shi ya sa. Kana cin kuɗinmu kana ƙyamarmu a zuci. Mama, kun dai gani da idonku."

Matan suka tattara ankonsu rabi a ɗinke suka fita. Hayatu bai ɗaga kai daga keke ba.

Washegari ƙarfe bakwai da rabi Hayatu ya iso ƙofar makaranta a kan kekensa na hawa. Ya miƙa wa Malam Tobias ƙaramar koriyar tuta, an ɗinka mata farin takobi, sama da shi babu komai.

"Ticha, abin da ka rubuta jiya kalmar shahada ce. Kai da bakinka ka gaya mini dokarka: yaro ya yi laifi, tutarsa ta sauka ƙasa gaban takalminsa. In yarinyar nan ta katse wani fa? A makarantar nan? Bana?" Ya gyara tabarau. "Jiya ba zan iya faɗa ba, kunnuwa sun yi yawa. Wancan yadin na yi da shi yadda ake yi da takarda mai ayoyi. Ba wanda ya gani."

Hayatu ya juya keke ya tafi.

Zaman ya yi kyau fiye da yadda kowa ya zata. Wakilin Ghana da na Faransa suka yi ta ja-in-ja kan wa zai ciyar da 'yan gudun hijira. Keziah ta yi jawabi mai tsari, ta yi alkawarin jiragen shinkafa uku da ba ta da su, aka yi dariya daga gefen taga har gefen ƙofa. Can da muhawara ta yi zafi, ta miƙe ta katse wakilin Amurka, wani Abdulsalam, ta ce masa maƙaryaci. Doka doka ce. Malam Tobias ya taka da kansa ya ɗauki koriyar tutar ya ajiye a kan siminti gaban ƙafarta. Ya tsaya yana kallon wurin da Hayatu ya bari babu rubutu, yara suka ɗauka fushi ne.

Mista George ya kira shi ofis ran Litinin ya ce su ci gaba, zama ɗaya kowane wata, har ya yi alkawarin kwashe simintin.

Abin da Malam Tobias ya shekara yana nema ya samu, amma bai ji daɗinsa ba. Maganar da ya yi a kasuwa ta riga shi zuwa coci. Zumuntar Mata suka kwashe ɗinkinsu suka kai wa wani tela a unguwar Yelwa. Iyayen yara masu kayan makaranta suka bi bayansu. Aka fara cewa Hayatu yana wanke hannu in ya taɓa yadin Kirista, abin da ba wanda ya taɓa gani. Sau biyu Malam Tobias ya wuce ta gaban shagon ya hango shi zaune, keke a rufe da zane. Ya je ya ba shi haƙuri. Hayatu ya ce, "Ba komai, Ticha, ya wuce," ya tambaye shi lafiyar yara. Amma haƙurin da aka bayar a cikin shago bai kai kunnen waɗanda suka ji zagin ba.

Hanya ɗaya ce ta wanke Hayatu, wato a faɗi abin da ke cikin yadin da dalilin fizge shi. Shugabar Zumuntar Mata kuwa ita ce Mama Margaret, matar Mista George. Malam Tobias ya san duk abin da ya shiga kunnenta da rana, mijinta zai ji shi kafin ya gama cin tuwo. Mako uku yana juya abin. Ya shirya zaman watan Yuli, ya rubuta sunayen ƙasashe, ya ja musu layi, ya kasa sa su a hula.

Ran Alhamis da la'asar, bayan matan sun tashi daga addu'a, ya roƙi Mama Margaret da matan nan uku su dakata. Ya tsaya da hularsa a hannu kamar ɗalibi, ya faɗa musu komai bi da bi: gargaɗin da aka yi masa ya ƙi ji, fentin, dokar sauke tuta, da inda tutar Keziah ta ƙare a ranar zaman.

Mama Margaret ta dafe ƙirji. "Malam, ka san abin da ka kusa jawo mana? 'Ya'yanmu ne fa a zauren nan!"

"Na sani, Mama."

"Kuma ka tsaya a kasuwa ka ci mutuncin bawan Allah, muna biye maka kamar tumaki."

"Haka ne."

"Ka san ba zan ɓoye wa maigidana wannan ba."

"Ban zo roƙon ki ɓoye ba, Mama. Ɗinkin dai nake roƙo ku mayar masa."

Takardar Mista George ta same shi ran Litinin, layi uku, ba zagi ba tuhuma. An rufe ƙungiyar. Malam Tobias ya koma ofishin sau biyu a shekarar, ya sake komawa da aka canja shugaba a 1995, sabon ya buɗe fayil ya karanta ya girgiza kai. Har ya yi ritaya a 1998 bai sake jagorantar zama ba. Abokan aikinsa sun ci gaba da kiransa Sakatare Janar, ya daina tanka musu.

Kafin bikin girbi na coci na shekarar da abin ya faru, ankon Zumuntar Mata ya koma shagon Hayatu, yadi ya taru har kan benci. Matan ba su gaya masa dalili ba, sai dai gaisuwarsu ta ƙara tsawo. Wata rana Malam Tobias ya kawo wandonsa a rage masa ƙugu, Hayatu ya ce, "Ticha, mutanenka sun dawo. Ban san me ya juyo da su ba. Yaushe zamanku na gaba? Akwai ragowar shuɗin yadi, zai yi tuta biyu."

"Mun ɗan dakata tukuna," in ji Malam Tobias. "Inci ɗaya za ka rage, Malam Hayatu, kada ka wuce."