Ruwan da Ba a Turewa

Ranar Litinin ta farko bayan Babbar Sallah, shekarar da nake aji biyar a firamaren ƙauyenmu da ke wajen Farin Dutse, na koma makaranta da hular sanyi a ka, ga rana tana dukan kowa. Ba a daɗe ba da tura mu daga Birnin Kudu zuwa Kano, inda likita ya shaida wa Baba cewa sankarar jini ce ke damuna. Ni dai abin da na sani, guga ya fara fin ƙarfina, kuma ɗan damin harawar da nake kai wa awaki a guje sai na huta da shi a hanya. Likitan ya ce, "A bar shi ya riƙa motsa jiki, kada a kwantar da shi."

Da aka fita tara sai aka raba langa. Tun kafin ciwon ni ne ruwa, wato wanda 'yan ɓangarensa ke karewa har ya kai wurin sha. Na kama babban yatsan ƙafata ta baya, na fara tsalle, ɗayar ƙafar tana rawa. Sai na ga yaran da a da suke rububin kayar da ni suna darewa, suna ture juna a gefe kamar ba su gan ni ba. Na taɓa darbejiyar da ita ce wurin sha, aka yi ihu wai na sha. Ban ji daɗi ba, ban ji haushi ba. Ashe Malam ne ya ja musu kunne, kuma haka na yi ta sha kullum.

Wata rana Sale, taubashina, ya gaji. Ya ce, "Kai rago, wallahi yau sai ka faɗi," ya banke ni da kafaɗa. Na kife, yashi ya cika min baki, gwiwata ta yi baƙi ƙirin. Ina kwance na ji dariya tana taso min. Malam ya zane shi, Baba kuma ya hana ni langa daga ranar.

Allah ya ba ni lafiya bayan doguwar jinya. Yanzu in na je gida, yara na langa a filin nan, ina tsayawa in kalli masu faɗuwa. Sale kuwa ya daina tsokanata tun daga bulalar nan, sai dai ya gaishe ni a hankali, ya ce, "Ya ƙarfin jiki?" Ban taɓa gaya masa ba cewa a waccan shekarar shi kaɗai ya ɗauke ni mai rai.