Rantsuwar da Malam ya sa aka yi

Kome zan manta a duniya, ban da damunar da mahaifinmu ya kwanta ciwon ajali a ƙauyenmu na gefen Aujara.

Malamin allo ne, kuma limamin unguwa. Lokacin da tiramol ta haukata samarinmu, har ta kai yaro ba ya iya ɗaga fartanya sai ya haɗiyi ƙwaya, shi ya tara masu kemis a zaurensa ya ba su Alƙur'ani. Suka rantse ba za su ƙara ajiye ta ba, ko an zo da takardar likita, don samarin sun ƙware da takardun bogi. Ranar har kabbara na yi.

Sai ciwon daji ya kama Malam a ƙashin baya. Likita a Dutse ya ce abin da ya rage kawai a rage masa raɗaɗi, ya rubuta mana irin wannan ƙwayar. A asibitin aka ce ta ƙare. Na zaga shagunan maganin Dutse a kan babur. Wani ya ce tun da aka tsaurara ya daina sarowa. Wani ya dubi jajayen idanuna ya turo mini takardar, ko karantawa bai yi ba. Jinya ce ta hana ni barci, amma wa zai saurare ni?

Na dawo na tarar Malam na cizon rawaninsa don kada Inna ta ji nishinsa. Na ruga wurin maƙwabcinmu mai kemis, wanda ke zuwa sari Kano.

"Don Allah ka kawo mana. Kaffarar rantsuwar ni zan ɗauka."

Idonsa ya ciko. "Malam ya rantsar da ni. In ya ce in kawo, gobe tana nan."

Na durƙusa gaban shimfiɗar Malam. "Allah gafarta Malam, izininka kawai yake jira."

Ya daɗe yana haki kafin ya ce, "In an buɗe don ni, gobe don kowa za a buɗe. Bar ni da Ubangijina."

Na ji haushinsa, kuma har yau ban gama hucewa ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, samarin da aka yi duk wannan dominsu suna samun ƙwayarsu a bayan tasha, kamar gyaɗa.

Wata ranar Laraba bayan la'asar Malam ya cika. Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, sai da maƙwabta suka jiyo ihunsa.

Ban ce hana ƙwaya laifi ba ne, na ga ɓarnarta da idona. Amma na koyi cewa in za a rufe hanyar magani saboda masu shaye-shaye, a fara tunawa da mara lafiya. Mashayi ba ya rasa inda zai samu. Mai gaskiya ne ke mutuwa yana ihu.