Regilaton Motar Baba

Ni ne ɗan fari a gidanmu, don haka ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. In yana nemana sai ya ce wa Inna, “Ina yaron nan?” Da na gama jami'a aka turo ni koyar da fizik a lise, wato babbar sakandare, nan Dogon Dutsi, sai na koma “Mushe”, yadda ake kiran malamin boko a nan. In na durƙusa gaishe shi a zaure, yakan amsa yana kallon bango. Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, kowa ya san ta a Arewa. Amma autanmu, wanda ya bar lakwal, wato karatun boko, tun daga ƙaramar sakandare ya kama fataucin kayan gini tsakanin nan da Kamba, shi kwano ɗaya suke ci da Baba, har tsokanarsa yake yi a kan hula. Na sha gaya wa kaina cewa abin bai dame ni ba. Wataƙila a lokacin gaskiya nake faɗa.

Baba ya yi ritaya daga aikin dabbobi da abu biyu: tsohuwar mota da ya sayo daga Kwatanu, da gwiwar dama da wani bijimi ya taɓa harba wajen allura. A cikin gari gwiwar ba ta hana shi tuƙi. Amma duk Asabar yana zuwa Dosso duba yayarsa, Gwaggonmu, kuma ƙafar ba ta jure danna totur tun daga nan har can. Abin da ya cece shi shi ne regilato, wani ɗan maɓalli a jikin sitiyari. In ka hau kwalta ka danna shi, mota ta riƙe gudunta da kanta, ka sauke ƙafa ka huta, in ka taɓa birki ya saki. Da shi Baba ya yi shekaru yana tafiyarsa shi kaɗai.

Da injin ya tsufa ya fara shan mai yana hayaƙi, na ba da shawarar a buɗe shi a gyara sannu a hankali. Na faɗa wa Inna ta faɗa masa. Kafin maganata ta isa, auta ya tsallaka iyaka ya dawo da wani inji mai turbo a bayan a-kori-kura. Turbo kamar zugazugin maƙeri yake, tura iska yake cikin inji don wuta ta ƙara ci. Makaniki ya ɗaura shi, mota ta fito tana wani siririn fito in an taka ta. Baba ya zagaya da ita kasuwa, ya dawo yana dariya har da tafa cinya.

“Ɗan banza, ka mai da tsohuwa budurwa!” in ji shi ga auta.

“Baba, yanzu sai dai a canza direban.”

Ina tsaye gefe riƙe da kofin ruwan da aka aike ni. Na yi dariya tare da su.

Asabar ta farko Baba bai kai Dosso ba. Daga Kore Mairuwa ya juyo yana ɗingishi. Ya ce regilato yana riƙewa a shimfiɗaɗɗiyar hanya, amma da an fara hawan tudu sai ya saki, mota ta yi sanyi, dole ya koma kan ƙafa. Inna ta dubi gwiwar da ta kumbura ta ce, “To, Mushe ba ya da aji ran Asabar da safe. Shi riƙa kai ka.” Auta yana shago, Asabar ranar cinikinsa ce. Haka na zama direban Baba.

Ban yi tsammanin komai ba sai shiru. Amma bayan mun wuce shingen peyaj, inda ake biyan kuɗin hanya, Baba ya gyara zama, ya miƙe ƙafa, ya fara magana. Ba ni yake kallo ba, gilashin gaba yake kallo, ni ma shi nake kallo. Ina jin wannan ne ya sauƙaƙa masa. Kuma bai taɓa cewa “ni” ba. Cewa ya yi, “Akwai wani yaro a wani ƙauye kusa da Kiéché.” Yaron nan kakarsa ƴar bori ce, ta ɓoye shi a rumbun hatsi ranar da aka zo ɗaukar yara lakwal, ƙaiƙayi ya ishe shi ya fito da kansa yana susa, aka kama shi. Yayarsa ce ta raka shi gari da ƙullin fura a ka. Sai da muka shiga Dosso na ga Gwaggo a kan tabarma sannan na gane wace ce yayar.

Kowace Asabar labarin ya ci gaba daga inda ya tsaya. Yaron ya girma, ya yi karatun aikin dabbobi, an tura shi daji wurin makiyaya, ya kwana a ruga, ya koyi Fillanci na zagi kafin na gaisuwa. Ya ga wata yarinya tana sayar da ƙosai bakin tasha, ya yi ta sayen ƙosan da ba ya ci. Ni ba na cewa komai, sai “uhum”, don ina tsoron in na yi tambaya ya tuna da wa yake magana. Ina tuƙi a hankali, fiye da yadda hanya take bukata. In auta ya tambaye ni da yamma, “Yaya, mi kuke cewa a hanya kai da tsoho?” sai in ce, “Ba komai.” Wannan “ba komai” ita ce abu na farko da na mallaka wanda shi ba ya da shi.

Shi kuwa auta abin yana cinsa. Injinsa ne ya kashe regilato, kuma ba ya son a ce kyautarsa ta zo da nakasa. Kullum yana gareji. Makaniki ya canza kabul ɗin da ke jan totur, ya ƙera masa sabon maɗauri, ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Tudu dai na nan, regilato na saki.

Ni a cikin aji na gano dalilin, ina koyar da matsin iska da sirinji a hannu. Regilaton tsohuwar mota ba da lantarki yake jan kabul ba, da zuƙo ne. Akwai siririn tiyo da ya taho daga inji yana zuƙar iska, zuƙon nan ke ja. Tsohon inji kullum zuƙa yake. Sabon kuwa da ya ji tudu sai turbo ya tashi, zuƙo ya koma hura, regilato ya rasa abin ja. Maganin ƙarami ne: ɗan bawul mai barin iska ta bi hanya ɗaya, da ƴar tukunya da za ta ajiye zuƙon har a gama hawa.

Ban faɗa nan take ba. Ni mutum ne da ba na son faɗin abin da ban tabbatar ba, sai na duba a wayata, na kalli yadda wasu suka yi, na zana, na sake zanawa. Haka nake da kowane abu. Sai dai a makonnin nan labarin Baba ya kai auren mai ƙosai, ya kai damanar da take da ciki na fari, ruwa ya cika kwarin dallol har mota ba ta wucewa. A nan muka iso ƙofar gida, labarin ya tsaya. Na san in regilato ya gyaru, ba sauran bukatar direba. Ba zan iya rantsewa cewa tabbatarwa kaɗai nake yi ba.

Ana nan auta ya same ni a ƙofar lise da babur ɗinsa. Ya ce makaniki ya kawo dabara: za a ɗaura wata waya daga totur zuwa kusa da sitiyari, Baba ya ja ya maƙale ta.

“In ya taka birki fa?” na ce.

“Sai shi sake ta da hannu.”

“In jaki ya faɗo hanya fa? Ko rakumi?”

“Kai Yaya, kullum kai jaki kake gani.”

Ban koma aji ba. Na hau bayansa muka tafi gareji. Na tsaya gaban buɗaɗɗen inji, na nuna tiyon, na fara: mai yiwuwa ne, ban dai tabbata ba, amma ina ganin kamar, in ba kuskure na yi ba, turbo ne ke hura inda ya kamata a zuƙa, kuma wataƙila da za a gwada ɗan bawul a nan. Makaniki yana goge hannu yana kallona kamar mai jiran in kai ga maganar. Auta ya katse ni.

“Oga, ka ji? Turbo shina hura tiyon nan. Sa mishi bawul da tukunya, shi ke nan!”

Makaniki ya cire tiyon, ya ce auta ya taka totur, shi kuma ya sa babban yatsa a bakin tiyon. Ya yi tsaki, ya yi dariya. “Wallahi Alhaji ƙarami, kanka na ja! Ga shi kuwa.” Ya shiga cikin tarin tsofaffin ƙarafa ya fito da tukunyar wata mota da ta mutu.

Ranar gwaji Baba ya tuƙa, auta a gaba, ni a baya. Muka kai tudun farko, turbo ya yi fito, mota ta haye ba ta rage ko kaɗan ba. Baba ya ɗaga ƙafarsa sama don mu gani.

“Wa ya gano ta?”

“Ni da Yaya,” in ji auta. Bai yi ƙarya ba, ban da abin riƙe shi da shi.

“Allah shi yi maka albarka, ɗan banza,” in ji Baba, ya miƙa hannu ya dafa ƙeyarsa. Ni kuwa albarkata ta bi ta madubi: ya ɗan dube ni, ya kau da kai. Na san iyakar abin da zai iya ke nan. Sanin bai hana ni kallon ƙeyar auta har muka dawo gida ba.

Asabar ta gaba na fito da wuri na tsaya kusa da mota ba tare da an kira ni ba. Baba ya fito da makulli a hannu, ya ce wa ƙofar gida, “Wanda ba ya da aiki shi taho.” Na shiga gefen dama. Muka wuce peyaj, ya danna maɓalli, ya sauke ƙafa. Na jira. Idonsa na kan hanya, hannunsa biyu a sitiyari, kunnensa na wajen fiton injin auta. Muka wuce Kore Mairuwa bai ɗauko labarin ba. Daga baya na yi ƙarfin hali, ina kallon gilashi kamar yadda muka saba, na ce, “Yaron nan na wajen Kiéché, da ruwa ya cika dallol, yaya ya yi da mai cikin?”

Ya gyara zama har na ɗauka zai fara. Sai ya ce, “Mushe, mai tuƙi ba ya surutu. Duba mini jakuna.”

Na duba masa jakuna har Dosso.

Yanzu yawanci shi kaɗai yake tafiya. Makaniki ya ce tiyon roba ne, zafin inji na cin sa, wata rana zai tsage regilato ya sake saki. Auta ya manta da zancen. Ni ne nake buɗe gaban motar lokaci-lokaci, in bi tiyon da yatsa, in cire bawul in hura in ji ko yana riƙewa. Na ma sayi wani tiyon na ajiye a aljihun mota, ko da zai lalace a hanya. Har yau lafiyarsa ƙalau.