Rijiyar Gwaggo da Aka Toshe

Jama'a, wallahi abin nan da zan gaya muku a kaina ya faru, ba a majalisa na tsinto shi ba. Shekarun baya ne, ina aikin haɗa bututu a ƙarƙashin wani ɗan kwangila da aka ba aikin shigo da ruwan famfo cikin birnin Zariya, kuma har gobe in na tuna mutumin nan sai raina ya ɓaci.

Layinmu ya biyo ta Ƙofar Gayan, ta gidan Gwaggona, ƙanwar babana, mai tsohuwar rijiyar da duk unguwa ke ɗiba kyauta tun kafin a haife ni. Sai Alhajin, wato ɗan kwangilar, ya ce a cike ta, wai magudanar ƙazanta za ta bi ta gefenta, kuma ai zamanin guga ya wuce. Gwaggo ta fito da mayafinta ta ce, "Alhaji, in dole ne, to a yi wa na ciki sallama, a bar mata kafar numfashi ko ta kara ce, haka muka gada." Ya kwashe da dariya ya ce, "Hajiya, ruwa zai zo miki har ɗaki, aljanu su je su nemi haya." Aka juye ɓaraguzai, aka shafe da siminti, aka dasa famfo a kai.

Ruwa fa? Ko ɗigo! Mutumin ya tattara komatsansa ya yi gaba, bututun namu kuwa bakinsa a toshe aka binne shi can wajen Tukur-Tukur, ba a taɓa haɗa shi da babban layi ba, da idona na gani. Matar da ta shayar da unguwa ta koma leƙen 'yan garuwa a ƙofar gida. Tir!

Ranar da Allah ya karɓi ranta ana tsakiyar bazara, rijiyoyin maƙwabta duk sun ƙafe, 'yan garuwa sun tafi nesa neman ruwa. Ga gawa a kwance, mata masu wanka sun zuba mana ido, maza na jira a waje, azahar na matsowa, randunan gidan kuwa ƙaf. Baƙin ciki ya turnuƙe ni, na je na doki famfon nan da ƙafa ina cewa Allah ya isa.

Sai na ji ƙarar guga ya faɗa ruwa a ƙarƙashin simintin da nake tsaye a kai, tsulum, sannan kamar ana jan igiya a hankali. Innalillahi! Famfon da ban murɗa ba ya fara zuba. Ruwa mai sanyi, da ɗan ƙamshin yumɓun nan na rijiyar, wanda duk ɗan unguwar ya sani. Hajiya Ladi, babba cikin masu wankan, ta ce, "Kai, bar kallo, tara bokiti, ita na cikin rijiyar suka kawo wa." Na yi ta tarawa ina miƙa musu. Suna cewa an gama, ya ɗauke.

Washegari na kwance bututun, ciki busasshe, har da yanar gizo-gizo. Ban san me na gani ba, kuma ban tambayi kowa ba. Abin da ke ci mini rai shi ne, waɗanda aka binne da ransu sun tuna da ita, wanda ya yi mata alkawarin ruwa ko gaisuwar mutuwa bai zo ba.

Don Allah, duk wanda ya zo muku da zancen famfo, kada ku bari a taɓa rijiyarku sai kun ga ruwa da idonku. In kuma rufewar ta zama dole, ku yi sallama. Ni dai har yau ba na taka simintin nan.