Gidan Baba da Sunayensa Uku

Akwai wahalar da mutum ke mantawa da zarar ta wuce, amma shekarar da muka tashi sayar da gidan mahaifinmu a unguwar Nasarawa ta Kaduna ba ta cikin irin waɗannan. Ina jin har Ubangiji ya kira ni ba zan manta da ita ba.

A lokacin Baba ya shekara shida da rasuwa. Mu huɗu ya bari, ni ce babba, ina koyarwa a wata firamare a Sabon Tasha. Ƙannena duk neman abinci ya watsa su garuruwa, Mama ce kaɗai a gidan, ga ciwon gwiwa, ga gidan a gangare yake, duk damina sai ruwa ya shigo har ƙarƙashin gado. Muka yi shawara a sayar, a saya mata ɗan ƙarami kusa da ni. Har na samo wani mai ɗaki biyu a bayan cocinmu, mai shi ya ce zai jira mu wata uku.

Dillali ya kawo wani Alhaji mai sayar da kayan gini. Ya zagaya gidan, ya ƙwanƙwasa bango, ya leƙa rijiya, a ranar aka gama ciniki. Ni a wautata na ɗauka magana ta ƙare, saura a sa hannu a miƙa makulli. Sai Alhaji ya ce, "Madam, an taɓa yi mini sakiyar da ba ruwa a kan fili, don haka lauyana zai duba takardu tukuna." Na ce ba komai, takardunmu tsaf suke. Mama ta ciro su daga ƙasan akwati a naɗe cikin leda, na kai wa lauyan da hannuna.

Bayan kwana huɗu lauyan ya kira ni ofishinsa. Ya shimfiɗa takardu biyu a kan tebur, takardar mallakar gida da takardar shaidar rasuwar Baba, ya ce in karanta sunayen. Na karanta. A ta gidan sunan Hausa ne haɗe da sunan garinmu. A ta rasuwa kuwa sunansa na baftisma ne da sunan kakanmu na yare. Na ce, "Barista, ai duka Baba ne. Kowa a unguwa ya sani." Ya ce, "Unguwa ta sani, doka ba ta sani ba. A wurinta mai gidan nan daban, wanda ya rasu daban."

Da na koma na gaya wa Mama, sai ta ajiye tsintsiyar hannunta ta ce, "To, shekara arba'in ina zaune da maza biyu ban sani ba?" Na yi dariya ranar. Da na san abin da ke gaba da na adana dariyar.

Barista ya ce matacce ba ya sayar da gida, sai kotu ta ba mu takardar izinin kula da abin da ya bari. Kafin a ba da ita kuma sai kowane ɗa ya sa hannu, a kawo hotuna, a buga sanarwa a jarida, a jira wa'adi ko wani zai fito ya ce bai yarda ba. Tattaro sa hannun ƙannena kaɗai ya ci wata guda, don autanmu yana aiki a kudu, sau biyu yana aiko da takarda a motar haya, ta farko a wurin da ba nan aka ce ba ya sa hannu. Ni kuwa kullum in roƙi hedimasta izini, in hau keke, in sauka in hau bas, in isa kotu a ce wanda ke riƙe da fayil ya tafi mitin. Wata rana a ce ba wuta, ba za a iya buga takarda ba. Wata rana a ce hoton Mama bayansa ja ne, fari ake so. Na koma da mai farin baya, wata mata a teburin kusa ta ce wa ya ce mini fari, ai ja ake karɓa.

Ranar da sanarwar ta fito a jarida na sayi kwafi uku don murna. Ina buɗewa na ga sun rubuta sunan kakanmu ba daidai ba, sun cire harafi ɗaya sun ƙara wani. Barista ya duba ya ce, "Yanzu sun zama mutum uku." Aka sake bugawa, aka sake jiran wa'adi daga farko. A nan wata ukun mai gidan bayan coci suka cika. Mutumin ya zo makaranta da kansa ya ba ni haƙuri, ya ce ɗansa zai tafi karatu, ba zai iya ƙara jira ba. Ban ga laifinsa ba, amma na shiga ofishin malamai na rufe ƙofa na yi kuka.

Damina ta faɗi, ruwa ya shiga gidan kamar yadda ya saba, na kwaso Mama zuwa ɗakuna biyun da muke haya da maigidana da yara. Alhaji ya fara kira kowane mako. Wata rana ya ce, "Madam, ni ba na son rigima. In gidan nan yana da wata magana ku gaya mini, in nemi wani." Na rantse masa ba wata magana sai ta suna. Ya ce zai ƙara wata biyu saboda tsohuwa.

Takardar kotu ta fito, na ce Allah na gode. Sai ofishin filaye suka ce takardar da sunan baftisma ta fito, fayil ɗinsu kuwa sunan Hausa ke kai. Suna son takardar rantsuwa daga wanda ya san Baba da sunayen biyu tun kafin ya sayi filin, kuma ba matarsa ba, ba ɗansa ba. Tsaran Baba yawanci sun rasu ko sun koma ƙauye. Mama ce ta tuna da wani Malam da suka yi aiki tare a masaƙa, ta ce ta ji yana Rido wajen ɗansa.

Na same shi a ƙofar gida a kan tabarma, ya tsufa ƙwarai, kunne ya yi nauyi. Na faɗi sunan Baba na baftisma, ya girgiza kai. Na faɗi na Hausa da ƙarfi, sai fuskarsa ta washe, ya kama hannuna ya ce, "Ke 'yarsa ce? Zauna, 'yata." Na tambaye shi yadda aka yi Baba ya samu wannan suna. Ya ce rana ɗaya aka ɗauke su aiki. Suna layi a bakin get, magatakarda ya tambayi Baba sunansa, Baba ya faɗi na yare sau uku mutumin ya kasa rubutawa, har ya fara kiran na baya. Shi Malam yana tsaye a bayansa, sai ya yi wuf ya faɗi sunan wansa shi Malam da ya rasu, ya ce a rubuta wa Baba wannan. Da shi Baba ya samu aiki, da shi ya karɓi albashi shekara ashirin da wani abu, da shi ya sayi filin. Malam ya ce, "Sunan yarensa kuwa na iya shi, shi ya koya mini," ya kuma faɗi sunan nan na kakanmu da ke kan takardar rasuwa daidai, yadda ko ni ban iya lanƙwasa shi ba. Wata takwas ina jin haushin Baba a kan ya bar mana rikici, ban taɓa sanin da wannan sunan ya ciyar da mu ba.

Washegari muka ɗauko shi a keke har kotu, aka riƙe shi ya hau matakala, ya yi rantsuwa ya dangwala yatsa. Kada ku ɗauka an gama. Sai da aka sake auna gidan, aka rubuta yarjejeniyar sayarwa, aka buga mata hatimi, aka tura neman amincewar gwamnati, fayil ya ɓace mako biyu ya sake bayyana a teburin da na fara tambaya. Ranar da muka sa hannu na ƙarshe a ofishin Barista, wata goma sha ɗaya ke nan da ciniki. Alhaji ya karɓi makulli ya ce wa Mama, "Mama, ki yafe mana wahala." Ta ce, "Kai ma ka sha taka." Gidan da muka samar mata daga baya ya fi na farko nisa da ni, sai na hau keke, amma ruwa ba ya shiga.

Abin da na koya shi ne, sanin da maƙwabta suka yi maka ba ya shiga fayil, kuma ranar da za a nemi bayani ba lallai kana nan ba. Da Baba yana raye, da cikin minti biyar da bakinsa ya warware abin da ya ci mana kusan shekara. Don haka duk mai gida ko fili, ya ciro takardunsa tun yana da rai ya karanta sunansa harafi-harafi, ya gyara abin da ke buƙatar gyara. Ni makon da muka gama na ciro nawa, na tarar satifiket ɗina da sunan Baba, katin banki da sunan maigidana, takardar ɗan filinmu kuma an haɗa duka biyun an juya su. Ranar Litinin na sake roƙon hedimasta izini, na koma layin kotu da ƙafata, don kada wata rana 'ya'yana su shiga Kaduna suna neman tsohon da ya san ni.