Ɗinkin da Inna Ta Yi wa Baba

Ina aji uku na ƙaramar sakandare muka baro ƙauyenmu na ƙasar Ruma. Ranar da 'yan bindiga suka faɗa wa manoma a gona, Baba ya tsira da rai, amma an sare shi da adda a sharaɓar hagu. Da rarrafe ya iso gida, ƙasa da jini sun manne masa wando. Babu mai babur ɗin da ya yarda ya hau hanya.

Inna ce ta ɗinke shi. Duk ƙauyen an san ta da ɗinkin hula. Ta wanke bakin ciwon da ruwan gishiri, ta gasa allura, ta zaɓi farin zare mai kauri. Ni na riƙe kwanon ruwan. Baba ya ciji hannun rigarsa har aka gama. Ɗinkin ya fito reras, babu inda ko tsinke zai shiga. Maƙwabta suka yi ta shigowa kallo, suna cewa ko asibiti sai haka.

Bayan kwana biyu muka shigo Batsari a bayan a-kori-kura. Muka sauka gidan wata tsohuwar unguwarzoma, 'yar'uwar kakata, muna ce mata Iya. A makon ne aka kira ungozomai da ma'aikatan lafiya na ƙauyuka ƙaramin asibiti, za a koya musu kula da rauni.

"Ke 'yar boko, ɗauko littafinki," in ji Iya. "Kan nan nawa ya zama rariya. Ni in ji, ke ki rubuta."

Mai koyarwar wata nas ce daga Katsina, gajera, da agogo maƙale a ƙirjinta. Kowa Malama yake ce mata. An jera ƙafafun shanu daga mahauta a kan tebur, ta tsaga kowace da reza. Ta nuna yadda ake ɗaure hannu da tsumma da ɗan icce in jini ya ƙi tsayawa, da yadda ake tallafe karaya da katako. Allurarta lanƙwasasshiya ce kamar yankan farce, kuma tsakanin ɗinki da ɗinki tana barin faɗin ɗan yatsa.

"Malama, in mun gama a bar mana ƙafafun," Iya ta ce. "Mu zare zaren mu yi farfesu."

Aka yi dariya. Malama ta ɗauki ƙafa ɗaya, ta fita da ita tsakar gida, ta cusa ƙasa cikin tsagar, ta dawo.

"Wannan fa, wa za ta ɗinke mini?"

Wata ta ɗaga hannu.

"To kin kashe shi, Hajiya."

Malama ta ajiye ƙafar. Ta ce ciwon gona, wanda ƙasa ta shiga, ba a rufe shi. A wanke da ruwa mai tsabta, mai yawa, a bar shi buɗe, a lulluɓe da ƙyalle, a nemi asibiti. In aka ɗinke, an kulle ƙazanta a ciki, waje ya yi kyau ciki yana ruɓewa. Ta lissafa alamomi, ina rubutawa: kumburi, zazzaɓi, wari, fata ta fara baƙi.

A kan wari biron ya tsaya mini. A raina na ga ƙudaje suna barin kwanon tuwo su koma kan wandon Baba. Na ga ya farke ƙafar wandon don ta matse shi. Da rana tsaka yake neman bargo. Inna kuwa sau uku take kunna turaren wuta a ɗakin, ita da ba ta damu da turare ba.

Ni ko a aji ban taɓa ɗaga hannu ba. Kuma in na yi magana, aikin hannun uwata zan tona a gaban baƙi. Na zauna har aka tashi, mata suka fara neman takalmansu. Malama tana wanke hannu a bakin famfo, na je na tsaya bayanta, ina kallon kumfar sabulu tana bin rariya.

"Lafiya, 'yammata?"

"Malama, in an riga an ɗinke fa?"

Ta rufe famfon. "Wa aka ɗinke?"

"Babana."

"Kwana nawa?"

"Shida."

Ko hannu ba ta goge ba, ta ɗauki jakarta. Muka taka har gida, Iya tana biye tana salati.

Inna ta tare ƙofar ɗaki. "Ai ya kama, Malama. Warkewa yake."

"Bar ta ta duba," Baba ya ce daga ciki, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Zare ɗaya Malama ta yanke. Abin da ya fito ya sa Iya, mai shekaru tana karɓar haihuwa, ta kau da kai. Malama ta ɗago ta dubi Inna.

"Yaya, ɗinkinki ya fi nawa kyau. Ba ki sani ba ne, kuma ba ki da hanya."

Inna ta juyo. Ni take kallo, da littafin da ke hannuna.

Kafin la'asar aka sa shi a mota zuwa Katsina, Inna ta bi shi. Mako uku suka yi. Ranar da suka dawo, mutum biyu ne suka sauko da shi, an yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa, an naɗe wandon an soke da fil. Na gaida Inna, ta amsa tana kallon kayan da take kwancewa.

Da aka kira azahar Baba ya ce mini, "Uwata, kawo mini buta." Na durƙusa ina zuba masa.

"Likita ya ce da an ƙara kwana, ba ƙafar kaɗai za ta tafi ba," ya ce. "Kin ji ko? Kada ki sa wa ranki komai."

Na gyaɗa kai. Ya wanke ƙafar dama har idon sawu, ya janye ta. Ni kuwa ina nan riƙe da butar a karkace, ina jiran ya miƙo ɗayar, ruwa yana zuba a ƙasa.