Ɗauko 'yata daga gidan yaye

Ana idar da sallar asuba muka fito daga Lafiya, ni da ƙanwar mijina, za mu Assakio ɗauko 'yata da na kai yaye wurin Innata sati uku da suka wuce. Motar hayar ta gaji kamar ni. Mu huɗu aka cusa a baya, ga buhun gishiri a ƙafafunmu. Kuɗin mota ya ƙaru a kan na zuwana na baya, da muka yi ƙorafi direba ya ce mu kai ƙara gidan mai.

Damina ta yi kyau, gonakin doya da rogo shar hagu da dama, amma ramuka ba su bar ni na yi kallo ba. Sai na lumshe ido ina tsara haɗuwarmu irin ta littattafan soyayyar da na tashi ina karantawa: za ta hango ni daga zaure, ta sheƙo da gudu, na durƙusa na rungume ta ina hawaye.

Ta taho ɗin kuwa, sai dai jakata ta nufa. Ta zura hannu tana laluben leda. Da na ɗaga ta sai na ji ta shafal, wuya ya yi tsawo, kumatun nan da nake taƙama da su sun zube.

Laifina ne. Ranar da na kawo ta, don kada kukan nono ya dami tsohuwa, na sauke mata katan ɗin biskit da ledojin abin ƙwalamar nan mai rina yatsu ja.

Inna ta ce, "Ke kika kawo, kika ce shi yaran birni ke ci. Tana kuka ina miƙa mata, sai ta yi shiru. Da ya ƙare ta gane hanyar shagon ƙofar gida. Kunun da na yaye ku da shi kuwa, kai take kawarwa."

Da hantsi na zauna a ƙofar gida ina kallon unguwa. Ga masara gasasshiya, ga dafaffiyar gyaɗa, ga wata Bafulatana da ƙwaryar nono a gindin mangwaro, amma duk yaron da ya wuce leda ce mai ƙyalli a hannunsa yana tsotso. Har wanda ke goye.

Dawowa ta fi zuwa wuya. A tasha masu talla suka yi ta tura mana biskit ta taga, yarinya ta gani, ta sa kuka. Wata mai sayar da doya da ke gefena ta ce da gurguwar Hausarta, "Madam, saya masa mana, kunne na ya gaji." Na ba ta haƙuri, ban saya ba. Haka muka zo Lafiya, mota duk ana hararata, rigata jiƙe da hawaye da majina.

Da la'asar na dama kunun gyaɗa. Ta ture kofin sau biyu, ta yi birgima a tabarma, ni ma na yi nawa kukan. Can da yunwa ta ci ƙarfinta ta buɗe baki ta karɓi cokali, tana ajiyar zuciya, tana kallona kamar maƙiyiya.

Abin da tafiyar nan ta koya mini, na daɗe ina ɗaukar shirun yaro a matsayin ƙoshi. Yanzu na gwammace ta yi fushi da ni, muddin tana haɗiya.